Yaya zan koya wa matasa aikin sauti da hoto a coci?

Rifkatu:
Salama gare ku 'yan'uwa. An ɗora mini nauyin sashen sauti da hoto a cocinmu, kuma komai yana kan ɗan'uwa ɗaya ne, wanda ya haɗa kayan tun farko. Ga shi zai tafi karatu. Matasa sun ba da suna, amma da sun zauna gaban miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo da kayan kiɗa, sai hannunsu ya kama rawa. Muna da miksa mai layi 16, makirufo marasa waya, majigi, da kwamfuta mai OBS Studio da muke watsa sujada da ita a YouTube. Ta ina zan fara? In tara su a yi musu bita ta yini guda?

Malam Istifanus:
'Yata, bitar yini guda ba ta zama a kai. Ki kai su lokacin da ƙungiyar mawaƙa ke koyon waƙa a tsakiyar mako. A nan akwai murya, akwai ganga, kuma in yaro ya ɓata sauti ba wanda zai juyo ya harare shi. Ranar Lahadi ba ranar koyo ba ce.

Abin farko shi ne kunnawa da kashewa. A fara kunna miksa, amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, ta zo ƙarshe. Wajen kashewa kuma amfilifaya ce ta farko. In aka juya, ƙarar nan ta "fau!" za ta bi ta cikin lasifika, wata rana ta lalata ta.

Sai kukan lasifika, wanda shi ne dodonsu. Ba wani asiri a ciki: makirufo ne ke jin abin da lasifika ke faɗa, ya sake mayar mata, abin ya yi ta zagaye. Ni nakan rage sauti sosai, in sa yaro ya matso da makirufo gaban lasifika har ta fara kuka, sannan shi da hannunsa ya ja layin ƙasa. Wanda ya taɓa kashe kukan da kansa ba ya ruɗewa a tsakiyar wa'azi. Ki manna takarda ƙarƙashin kowane layi, wannan na fasto, wannan na mai jan waƙa, kuma kafin ɗan'uwan ya tafi a ɗauki hoton miksa yadda ya saita ta. Maɓallin nan mai rubutu 48V kuwa na wasu irin makirufo ne masu bukatar wuta daga miksa, ki ce kada su taɓa sai sun tambaya.

Bulus:
Baba Istifanus ya gama maganar miksa. Inda nake da ja shi ne yadda ake tura sabon shiga kan majigi wai don aiki ne mai sauƙi. Ina sauƙin? Dole ya san waƙar, ya canza baiti tun jama'a ba su ƙarasa layin ƙarshe ba, in ba haka ba kowa ya yi shiru yana jiran allo. In babu manhaja, OpenLP kyauta ce, tana ɗaukar waƙoƙi da ayoyi.

Batun watsawa, Anti, sauti ya fi hoto. Mutum zai jure hoto mai dishi-dishi, amma in ba ya jin fasto zai fita. A ɗauko sautin daga miksa, kada a dogara da na kyamara. A OBS ma'aunin sauti na da kore, rawaya da ja. Murya ta riƙa taɓa rawaya, kada ta zauna a ja. Kuma a daina sa waƙoƙin mutane kafin a fara sujada, YouTube na gane su, yana iya toshe bidiyon.

Mama Talatu:
Ni ban iya na'ura ba, amma na ga yaran da suka gudu daga aikin nan. Kowa ki ba shi aiki ɗaya ya ƙware tukuna. Ki tsara juyi, domin wanda kullum yana bayan kwamfuta ba ya samun sujada. Gyara kuma sai an tashi, ku biyu. Mai kyamara ya san cewa ba a matso da hoton mai kuka a wurin addu'a, yara kuma sai da yardar iyayensu.

Rifkatu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Bulus, tashar tamu da imel ɗin ɗan'uwan aka buɗe ta. Mu buɗe sabuwa ne?

Bulus:
A'a Anti, kada ku rasa mabiyanku. Ya shiga saitin tashar ya ba mutum biyu izinin gudanarwa tun bai tafi ba, ɗaya da imel ɗin coci. In ma dole sai sabuwa, ku buɗe ta da wuri, don YouTube kan ɗauki har awa 24 kafin ya bar sabuwar tasha ta watsa kai tsaye.