Kunyar ɗan fari da ƙin cin abincin jariri

Uwar ɗan fari, unguwar Zariya, Maradi:
Assalamu alaikum. Ɗana na fari ya cika wata bakwai, kuma tun da muka fara ba shi kunun gero yake kawar da kai yana kuka. Gida ɗaya muke da uwar maigidana, saboda haka kunya ba ta barina in yi masa wasa a gabanta, ko nono ma ina ba shi ne fuskata a gefe. Iya ta ce a ɗura masa kunun kamar yadda aka yi mana. Shin kunyar nan tana da hannu a ƙin cin nasa?

Ungozoma:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ina roƙonki kada a yi masa ɗura, domin kunu yana iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi, kuma yaron da aka saba dannewa yakan tsani cokali tun daga nesa. Jariri yana faɗin bukatarsa kafin ya yi kuka: idan ya buɗe baki yana bin cokali da ido yunwa yake ji, idan ya rufe baki ya juya kai ya ƙoshi ko ya gaji. Uwar da ba ta kallon fuskarsa ba za ta ga wannan ba. Ki ba shi cokali biyu ko uku na kunu mai kauri da garin gujiya, sau biyu zuwa uku a yini, kina yi masa magana, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Idan nauyinsa ya tsaya, ki kai shi awo kafin tamowa ta kama shi.

Kakar yara tara:
'Yata, mu ma mun yi kunya, amma ta gaban mutane ce. Idan muka shiga ɗaki mukan yi musu tawai har su yi dariya. Ki riƙa ciyar da shi a ɗakinki.

Malamin makaranta:
Gaskiyar Hajiya ce. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya sa iyaye mata su daskare fuska na ɗan lokaci a gaban jariransu, sai jariran suka yi ta murmushi da miƙa hannu don a kula su, da abin ya gagara suka juya kai cikin damuwa.

Uwar ɗan fari:
Na gode. Yau a ɗaki na ba shi, ya sha cokali huɗu. Saura yadda zan shawo kan Iya.