Wanda ya taɓa komawa garin ƙuruciyarsa, ya ba ni labari kafin in yanki tikiti

Telan Asawase

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma daga bakin waɗanda suka taka da ƙafarsu.

A Agege ta Legas aka binne cibiyata. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan Kumasi ne, ya bi masu zuwa neman kuɗi lokacin da naira ke naira, ya kafa keken ɗinkinsa kusa da layin dogo. Ina da shekara 9 gwamnatin Shagari ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita, a Janairun 1983. Abin da na riƙe daga tafiyar kaɗan ne: kwanan da muka yi a bakin jirgin ruwa a Apapa, da kan keken ɗinki da Mma ta naɗe a zane ta goya kamar jariri, da filin Trade Fair na Ankara, babban birnin Gana, inda aka rubuta sunayenmu. Ƙafar keken da teburinsa mun bar su wajen Iya mai gidan, wai sai mun dawo. Muka iso Kumasi muka tarar da fari da gobarar daji da yunwa. Yaran makaranta suka laƙa mini Agege, har yau akwai abokan da ba su san ni da wani suna ba.

Tun ranar ban sake takawa ba. Yanzu wani abokin ciniki zai je sarin yadi Legas, ya ce in raka shi. Maiɗakina ta ce me na ajiye a can. Ni kaina na rasa amsar da zan ba ta. Waɗanda kuka koma, me kuka tarar?

Kakan Fagge

Wa'alaikumus salam ɗana. Jikata ce ke buga mini wannan daga Kano, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Ku Najeriya ta koro, mu Gana ta kora, shekara 13 kafin naku.

A Aboabo ta Kumasi aka haife ni. Mahaifinmu falken goro ne, Bakano. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su gyara takarda ko su tattara. Gidan da ya gina da guminsa ya sayar a kuɗin da bai wuce na motar da ta kwashe mu ba. Ina ɗan shekara 11. Da muka sauka Kano muka zama abin dariyar yara, don a bakinmu mace ma "ya zo" ne, ƙafa kuwa kafa ce. Sai da na sha dorina a makarantar allo harshena ya miƙe.

A 2023 Allah ya nufe ni da komawa. Abin da ya fara ɗaure mini kai, komai ya ƙanƙance. Daga gida zuwa kasuwa da nake gani tafiyar yini ce, pragya, wato keke mai ƙafa uku, ta kai ni ban gama gaisawa da yaron da ke tuƙi ba. Kejetia da na sani filin motoci ce, na tarar da gini hawa-hawa a rufe. Tashar jirgin ƙasa inda muke raka huhunan goro, ba jirgi ba alamarsa, 'yan kasuwa sun baje haja a kan layin. Gidanmu da masallacin gefensa na gane shi. An rushe an tayar da bene. Na tsaya a ƙofa har wani yaro ya tambaye ni wa nake nema, na ce ba kowa.

Da aka idar da La'asar mutane suka yi ta ba ni hannu, "Alhaji daga Najeriya? Sannu da zuwa." Hausar da aka doke ni na koya, ita ta mai da ni baƙo a unguwar da aka yanka ragon sunana. Na faɗi sunan mahaifina wa dattawa uku, ba wanda ya san shi. Sai washegari da safe, wajen wata mai koko, wata tsohuwa da ke zaune kan kujera 'yar tsuguno ta ce "ɗan wa?" Na sake faɗin sunan mahaifina, ta girgiza kai. Na ce uwata ita ke tuyar masa a bakin famfo. Ɗana, matar nan ta ajiye kofinta, ta kira ni da sunan da tun rasuwar mahaifiyata ban ji shi a bakin kowa ba, ta ce ba kai ne mai ihu in wanzami ya zo aski ba? Ina da jikoki goma sha, na zauna a ƙasa gaban mai koko ina share hawaye da hula.

Na je maƙabartar Tafo neman kabarin kakata, ban same shi ba, na yi wa kowa addu'a na taho. Ka je. In za ka yi tambaya, ka fara da sunan mahaifiyarka da sana'arta, mata ne ke riƙe unguwa a ka.

Hajiya 'yar Jidda

Allahu akbar, Baba ka sa ni kuka da sassafe. Kai ka samu tsohuwa, ni ko bango ban samu ba.

Iyayena sun je aikin Hajji suka zauna, aka haife ni a Karantina cikin Jidda. Can na yi wayo, cikin Hausawa da Barebari da mutanen Chadi da Yaman. Takari ake ce mana, ba mu da iƙama, amma ni ban san wani gari ba. Ina da shekara 16 aka kama mu aka ɗora a jirgi. Ranar da na fara ganin unguwar Sawaba a Kumasi ban iya cin tuwon zafi ba, kuka na yi ta yi ina neman ful da tamis.

Da maigida ya biya mini Umra na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na leƙa unguwarmu. Na ji labari tun ƙarshen 2021 ana rusa tsofaffin unguwannin Jidda, Gulel da Sabil da Kandara da tamu, 'yan'uwa sun ce a wayi gari kawai a ga an fesa jan fenti a bango a tashi. Amma ji daban, gani daban. Mai tasi ya tsaya ya ce ga Karantina. Fili fetal, sai ƙura da tarin ƙasa. Na rasa gabas na rasa yamma, ni da ko da daddare ba fitila nakan bi lungunan nan in sayo wa Umma burodi.

Abin dariya, Larabcin da na yi da direban ya sa ya ɗauka 'yar gari ce, har yana tambayata ina aka mai da mu. Na ce Kumasi. Ya ce wace unguwa ce wannan, bayan filin jirgi take? Ƙanena, ba hana ka zan yi ba, amma ka tafi da shirin cewa mai yiwuwa ƙasa kawai za ka gani.

Borgan Nima

Ni nawa da sauƙi, ba kora ba ce. Babana ya ɗauke ni daga Nima ta Ankara ina aji shida zuwa Bronx a Amurka, ban dawo ba sai da na haura talatin saboda matsalar takarda.

Kuɗi ne suka fara kunyata ni. Na bar Gana ana lissafi da dubbai, ban san a 2007 an cire sifiri huɗu daga sidi ba amma bakin tsofaffi bai cire ba. Gwaggona ta ce in ba ta miliyan biyu na asibiti, gumi ya karyo mini, na fara lissafin dala a zuci. Ashe sidi 200 take nufi. Ƙannena sun yi mako suna ba da labarin a bes, wato majalisar samari.

Masallacin ƙasa da Turkawa suka gina a Kanda, wanda aka buɗe a 2021, na tsaya ina kallo kamar ɗan ƙauye. Ka juyo cikin Nima kuwa, babban gwatan nan yana inda na bar shi da warinsa. Waakye na nan yadda yake a ganye, wannan kam alhamdulillahi. Abin da ya dame ni mutane ne. Abokin da muke tsallaka gwata tare muna neman ƙwallo, yanzu "borga, borga" yake ce mini, wato wanda ya dawo daga ƙasar waje, ba ya zama in ina tsaye, hira ba ta minti goma sai a gangaro kan biza ko jari. Mai nama ya ji Hausata da Turanci a ciki ya ninka kuɗi. Na sayi fili a bayan gari ta hannun wani na jiki, na dawo bayan shekara na tarar wani ya kai ginin linta, shi ma da takardarsa. A Bronx ni ɗan Afirka ne, a Nima ɗan Amurka.

Magajiyar Akwatia Line

To bari mu da ba mu je ko'ina ba mu sa baki, tunda mu ake dawowa a tarar.

Ban da su Baba da Hajiya da aka fitar da ƙarfi, su nasu daban. Amma ku 'yan borga kuna da abin haushi. Yayana ya yi shekara ashirin da wani abu a Hambog ta Jamus, ya dawo yana ɓata rai wai don me muka toshe rijiyar tsakar gida, don me aka sare gwandar, ina dakalin da kaka ke zama. Rijiyar yaro ya kusa faɗawa. Inda gwandar take nan muka yi bayan gida, da kuɗin adashina, don mu daina bin layin na gwamnati da asuba da takarda a hannu. Shi yana son ya tarar da gidan yadda ya bar shi ya ɗauki hoto ya koma inda ruwa ke zuwa a famfo. Ya sauka a otal a Adum, sai bayan kwana uku ya zo gaida ƙanin babanmu, kuma yana mamakin an yi masa sanyi-sanyi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kai kuma ɗan Nima, abokin naka da ke roƙon jari, sau nawa ka kira shi a shekarun nan? Mutum bai ji muryarka ba shekara ashirin, ka faɗo da agogo mai ƙyalli, hirar me za ku yi in ba ta kuɗi ba? Tela, in ka je kar ka je hannu biyu, kuma kar ka tsaya kana faɗa wa mutanen wurin yadda unguwarsu ta lalace. Sun fi ka sani.

Borgan Nima

Anti, kin buge ni inda ke ciwo. Sau biyu na kira shi, ɗaya ma don ya karɓo mini takarda ne. Amma maganar fili ba laifina ba ne.

Magajiyar Akwatia Line

Fili kam Allah ya isar maka, ɗana. Wannan ko mu da ke nan ana yi mana.

Direban Aflao

Maigida Tela, ni hanyar ce abincina, bari in ba ka ta aiki. Daga Ankara iyaka uku za ka ƙetare: Aflao ka shiga Lome, Hilakonji ka shiga Benin, ka wuce Kwatano, sai Seme ka faɗa Najeriya. Fasfo ɗinka ya zama da rai, ka riƙe katin allurar shawara, ba ka buƙatar biza, ɗan ECOWAS yana da kwana 90. Ka canja 'yan sefa kaɗan na hanya, ka rarraba kuɗinka kar su kwana a aljihu ɗaya. Nisan ba shi ne abin ba, tsaye-tsayen ne, musamman daga Seme zuwa Badagry. Ku fita da asuba.

Agege kuwa nakan kwana can. Pen Cinema suna kawai ya rage, gadar sama ce a wurin tun 2021. An sake shimfiɗa layin dogo sabo na jirgin Ibadan, an yi tasha babba, an katange, kuma da yawa daga shaguna da gidajen da suka matso layin an kwashe su. Tunda ka ce gidanku kusa da layi yake, ka sa wannan a ranka. Amma Hausawa na nan cunkus, makarantar Markaz na nan, burodin Agege na nan. Ka fara da masallacin unguwar bayan Azahar, ko fadar Sarkin Hausawa, ka ce tela ɗan Gana da ya tashi a 83. Tsofaffin masu goro ba sa mantuwa. In kana jin sauran Yarbanci ka kakkaɓe shi, zai yi maka rana wajen iyalan mai gidan.

Telan Asawase

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Fagge, Allah ya ƙara lafiya, a gaida jikar taka mai buga mana.

Daren jiya na karanta wa Mma duk abin da kuka rubuta. Ta yi dariyar miliyan biyu, ta ce Magajiya ta yi gaskiya, da aka zo kan Hajiya ta yi shiru. Na tsokane ta na ce to zan je in karɓo mana ƙafar keke. Ta ce kar in kuskura in tayar da wannan magana. Sai ta faɗa mini abin da ban taɓa sani ba: ashe mun fito ba mu biya hayar watan Janairu ba, naira 12. Mahaifina ya kai wa Iya kuɗin ta ƙi karɓa, ta ce ya riƙe na hanya, in an dawo a biya. Ya rasu da maganar a bakinsa, ita kuma Mma ta riƙe ta shekara arba'in da ɗoriya ba ta gaya wa kowa ba.

Ta tuna sunan babban ɗan Iya, ta tuna akwai mangwaro a ƙofar gidan da mai niƙa a kwana. Ta fito da turmin atamfa daga ƙasan akwati, ta sa maiɗakina ta soya shito, miyar barkonon Gana, cikin kwalba, ita da ke cewa me na ajiye a can. Mun sa ranar tafiya bayan Juma'a mai zuwa.

Direba, kai da ka san canji, naira 12 ta 1983 nawa ya kamata in ƙulla a kuɗin yau? Kuma in Iya ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yanta kuma sun watse, wa zan miƙa wa?