Dashen Kan Mutum a Jikin Wani: An Yi Ko Ba a Yi Ba?

Ɗalibin jami'a, Ngaundere: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya bayan sallar isha'i musu ya kaure a majalisarmu, shi ya sa na kawo maganar gabanku. Na ce likitoci sun riga sun cire kan mutum sun ɗora shi a gangar jikin wani, kuma har yanzu ina nan a kan bakana. A watan Nuwamba na 2017, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Italiya, Sergio Canavero, ya tara 'yan jarida a Viyana ya sanar cewa abokin aikinsa Ren Xiaoping ya gudanar da aikin a birnin Harbin na ƙasar Sin cikin sa'o'i 18. Da can ma an ɗauki dashen zuciya tatsuniya, sai ga shi Christiaan Barnard ya yi a Afirka ta Kudu a 1967. To, me zai hana a yi na kai?

Ma'aikaciyar jinya, Garwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sanarwar an yi ta, amma ka baro rabin labarin a baya, domin gawawwaki biyu aka yi wa wannan aiki. Babu zuciyar da take bugawa, babu jinin da yake gudana, kuma babu wanda ya farfaɗo aka ce masa ya motsa yatsa. Ɗinke jijiyar mamaci gwajin hannu ne, ba jinya ba ce. Ko Valery Spiridonov, ɗan Rashar nan mai ciwon shanyewar tsoka da ya miƙa kansa a 2015 domin a fara da shi, daga baya ya janye, ya yi aure, ya haihu.

Malamin kimiyya, Marwa: Hajiya ta yi gaskiya. Bari in ƙara da tarihin abin, domin ya fi shekara ɗari ana gwada shi a kan dabbobi, kuma kullum a wuri guda ake cijewa. A 1908 Charles Guthrie ya ɗinka kan kare a wuyan wani kare a Amurka. Daga 1954 Vladimir Demikhov ya riƙa yin irin haka a Tarayyar Sobiyet, wanda ya fi daɗewa a cikin karnukansa ya yi kwana 29. A 1970 Robert White ya ɗora kan biri a jikin wani biri a birnin Kilibiland na Amurka. Birin ya farka, yana gani, yana ji, har yana kai cizo, amma daga wuya zuwa ƙasa ko gezau, inji ne yake yi masa numfashi, kuma bai kai kwana goma ba ya mutu.

Jijiyoyin jini ana iya haɗa su. Ƙwaƙwalwa, wadda take fara lalacewa cikin 'yan mintoci idan jini ya yanke mata, ana iya sanyaya ta domin a ƙara mata lokaci. Inda gizo yake saƙar shi ne laka, wadda ta ratsa cikin ƙashin baya tana kai saƙo tsakanin kai da jiki. Canavero ya ce zai yanka ta da wuƙa mai tsananin kaifi, ya zuba wani sinadari da ake kira PEG domin bakunan su manne. Zuwa yau babu mutum ɗaya da lakarsa ta tsinke gaba ɗaya, aka haɗa ta da wannan dabara ya miƙe ya taka.

Mahauci, Kuseri: Ni ban yi boko mai nisa ba, amma shekara talatin ina fiɗa, kuma lakar da Malam yake faɗa kullum tana hannuna. Idan muka tsaga gadon bayan sa da gatari, za ka gan ta kwance fara fat, kaurinta kamar babban yatsa, taushinta ya kusa na ƙwaƙwalwa, idan ka matsa ta da yatsu biyu sai ta dame. Hanji yana ɗinkuwa, fata tana ɗinkuwa, amma wannan ban ga inda allura za ta kama ba. Ɗana, wanda ya ce maka zai yanka ta ya mayar, ka roƙe shi ya fara nuna maka a kan akuya ta tashi ta ci dusa.

Ɗalibin jami'a, Ngaundere: Baba, na karɓi gyara a kan gawawwakin, ban san haka abin yake ba. Amma ban sauka daga ɗaya maganar ba. Majinyacin Barnard na farko kwana 18 kawai ya yi ya rasu, da an tsaya a nan da dubban mutanen da suke yawo da zuciyar wasu yau ba su samu ba. Mutumin da ciwo yake cinye masa jiki alhali hankalinsa garau, idan ya amince da bakinsa, wa yake da ikon hana shi gwada sa'arsa?

Malamin kimiyya, Marwa: Kafin a taɓa zuciyar mutum, sai da Norman Shumway da Richard Lower suka dasa wa karnuka zuciya a Amurka, karnukan suka tashi suna ci suna tafiya. A dashen kai babu dabbar da ta taɓa tashi haka. Amincewar wanda ciwo ya kai shi bango, aka kuma yi masa alkawarin da ba shi da tushe, ba cikakkiyar amincewa ba ce.

Malamin fiƙihu, Njamena: Allah ya saka wa kowa da alheri. Malamai ba su rufe ƙofar dashe ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Jidda a 1988, bisa sharuɗɗa, daga ciki har da cewa amfanin da ake sa rai ya rinjayi cutar, a samu izinin mai gaɓar ko magadansa, kuma kada a yi ciniki. A 1990 majalisar ta hana dashen 'ya'yan maraina da ƙwan mace, saboda suna ci gaba da ɗaukar irin mai su na asali. To, a duba wannan aiki da kyau: gangar jiki za ta zo da marainanta. Idan mai sabon jikin ya haihu, kai na wani ne, iri na mamaci ne. Ɗan wa za a kira yaron, kuma gadon wa zai ci? Matar mai gangar jikin ta yi takaba ta gama alhali jikin mijinta yana kwana a wani gida. Me iyalansa za su wanka, me za su sallata su kai makwanci? Ga kuma wani lissafi da yake damuna ƙwarai: jiki guda yana iya ba da zuciya, da huhu biyu, da hanta, da ƙoda biyu, ya ceci mutane da dama, a nan kuwa za a tattara shi duka a ba wa mutum ɗaya a kan gwajin da ba a taɓa ganin nasararsa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa: Allah ya gafarta Malam, ni abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin gidanmu. Autanmu ɗan acaba ne, mota ta buge shi shekara huɗu da suka wuce, ƙashin wuyansa ya karye, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Duk bayan sa'o'i biyu sai mun juya shi, dare da rana, don kada kwanciya ta ci masa baya, duk da haka akwai gyambo a ƙugunsa da nake wankewa kowace safiya. Ni nake canza masa robar fitsari. A watannin zafi, jikinsa ba ya yin gumi a ƙasan raunin, sai Inna ta jiƙa zane ta lulluɓa masa tana yi masa fifita. Ranar da wani abokinsa ya nuna masa bidiyon injuna suna sauya kawuna, wanda zanen kwamfuta ne kawai, sai da ya tambaye ni nawa ake biya, ko gonar Baba za ta isa.

Ƙanena, kansa yana kan jikinsa, jininsa nasa ne, ba ya bukatar maganin hana jiki ƙin baƙuwar gaɓa. Tazarar da ta raba shi da tafiya ba ta kai tsawon yatsa ba. Duk likitan da ya ce ya iya haɗa laka, ga irinsa nan a Garwa da Marwa da Njamena, kwance a kan tabarma. Ya zo ya fara da su.

Ɗalibin jami'a, Ngaundere: Allah ya ba shi lafiya, Yaya, ya saka muku da alheri a kan jinyarsa. Ina da tambaya ga Malamin kimiyya: binciken da ake yi a Suwizalan, inda a 2023 aka sanar cewa an dasa wa wani ɗan Holan na'ura a kai da baya har ya taka da sanduna, shin lakarsa tsinkewa ta yi gaba ɗaya, ko da sauran zare a jikinta?

Malamin kimiyya, Marwa: Da sauranta, ba ta tsinke duka ba. Na'urar tsallake raunin take yi, tana ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa ta kai shi ƙasan wurin da ya lalace. Hajiya, idan kin samu hali ki turo mini abin da hoton wuyansa ya nuna, a gaɓa ta nawa raunin yake.