Neman shawara: monita mai ƙarfin haske ko mai baƙi na gaske?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, kwana huɗu ke nan abu ɗaya ya hana ni sukuni. Monitar da nake buga gem da ita ta yayana ce, ya bar min ita da ya koma laftof, shekararta shida. Yanzu wani koren layi take fitarwa a gefe, in na ɗan bugi bayanta ya ɓace, in ta ɗau zafi ya dawo, shi kuma Yaya ya dage ni na lalata ta. To na tara kuɗi, na tsaya kan guda biyu, duka inci 27, 165Hz (wato hoton na sabuntawa sau 165 a daƙiƙa). Ɗaya nau'in allonta IPS ne, haskenta nit 400 (nit shi ne ma'aunin ƙarfin hasken allo), bambancin fari da baƙi 1000:1, har da tambarin HDR 400 (HDR fasahar ƙara bambancin haske da duhu ce a hoto). Ɗayar nau'in allonta VA ne, nit 300 amma 3000:1. Raina ya fi kwanciya da mai hasken. Wacce zan ɗauka?

Sarkin Dare: Wa'alaikumussalam. VA, ba sai an ja zance ba. Yi lissafi da kanka: raba 400 da 1000, baƙin IPS ɗin nan nit 0.4 ne. Raba 300 da 3000, na VA 0.1. Ka kashe fitila, abin da ya kamata ya zama baƙi wuluk a IPS sai ka gan shi toka-toka, ga wani haske da ke tasowa a kusurwoyi. Kuma wa ke ƙure haske da daddare? Nit 120 ma ya ishi ido a ɗaki mai duhu.

Baban Yara: Malam, ba ka faɗa mana ɗakin ba. Da rana kake bugawa ko da dare? Akwai taga? In rana na dukan allon, baƙin da ake kurantawa hasken ɗakin zai wanke shi, a nan ƙarfin haske ne zai cece ka.

Mai tambaya: Akwai taga a bayana, amma ina da labule. Kuma ai ta IPS ɗin tana da HDR.

Sarkin Dare: Wane HDR ɗan'uwa? DisplayHDR 400 shi ne matakin ƙasa a ma'aunin VESA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin allo, ba ya ma tilasta fitilar baya ta riƙa dusashewa yanki-yanki. Ka kunna shi, allon duka zai yi haske, baƙin ya ƙara zama toka. Tambari ne na jikin kwali.

Ɗan Harbi: Ni dai VA ta ƙona ni. A wasan harbi, in ka juya da sauri cikin wuri mai duhu, sai hoton ya riƙa jan baƙar jela kamar an shafa tawada. Na mayar da ita, mai sayarwa ya ce lafiyarta ƙalau, haka take, ya ƙi karɓa. Wata uku muna kai ruwa rana da shi, har yau tana cikin kwali.

Sarkin Dare: Tsohuwar VA ka saya. Sababbin sun rage wannan.

Ɗan Harbi: Sun rage, ba su daina ba.

Gwaggon Gem: Ku duka kuna wahalar da yaron nan. Ƙanena, ka ƙara haƙuri ka sayi mai nau'in allon OLED, kowane ɗigo shi ke kunna kansa ya kashe kansa, baƙi baƙi ne.

Baban Yara: Gwaggo, OLED ɗin da in fari ya cika allo haskenta ke sauka wajen nit 250? Ga taga a bayansa. Ga tsoron hoton da ya daɗe wuri ɗaya ya bar tabo. Ni yarana kunne suke barin allo su tafi, wallahi na gaji da magana.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Amma ni na ga ta IPS ɗin a kunne, kalarta ta yi min kyau, ban ga wata toka ba. Tsohuwar tawa ma IPS ce, ban taɓa kuka da ita ba.

Sarkin Dare: Ƙarƙashin fitilu ka gan ta. To in ka riga ka yanke, me ya kawo tambaya?

Mai tambaya: Ban yanke ba Malam. Wata kuma na gani yanzu, an rubuta 1,000,000:1 a jikinta, ita fa?

Ɗan Harbi: Wannan na talla ne, fitilar ake kashewa a auna baƙin. Ka dai faɗa mana irin gem ɗin da kake bugawa tukuna.