Wa ya san garin Cuevas del Almanzora a Sifaniya?

Ɗan Gwandu:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya bar Barcelona ya koma wani gari a kudancin Sifaniya, wai shi Cuevas del Almanzora, ya samu aikin yankan latas. To wani maƙwabcinmu ya je ya kitsa wa Hajiyarmu cewa an taɓa jefa bam ɗin nukiliya a garin, ƙasarsu duk guba ce. Tun daga nan ta hana idonta barci, kullum sai ta ce in kira shi ya tattara nasa ya nasa ya bar wurin. Shi kuwa yaron in ka tambaye shi, ba abin da yake cewa sai "lafiya lau, Yaya". Don Allah wanda ya san garin ya yi mana bayani: wane irin wuri ne, da me mutanensa suka dogara, kuma ina gaskiyar maganar bam ɗin?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Ina zaune a Vera, maƙwabciyar Cuevas ɗin, kuma na daɗe ina aiki a gonakin yankin.

Maganar bam gaskiya ce, sai dai maƙwabcin naku ya ƙara mata gishiri. Ba jefawa aka yi ba, hatsari ne. Ranar 17 ga Janairun 1966 wani jirgin yaƙin Amurka samfurin B-52 ya yi karo da jirgin da ke zuba masa mai a sama, daidai ƙauyen Palomares da ke ƙarƙashin Cuevas. Sojoji bakwai suka mutu, bama-bamai huɗu suka faɗo. Ba wanda ya yi fashewar nukiliya, amma biyu sun tsage sun watsa ƙurar fulutoniyam, sinadarin nukiliyar da ke cikinsu, a gonaki. Na huɗun teku ya faɗa, sai a watan Afrilu aka ciro shi, bayan wani masunci ya nuna inda ya ga ya nutse. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Manuel Fraga, har wanka ya shiga a tekun tare da jakadan Amurka don a ɗauki hoto a ce ba komai. Amurkawa sun kwashe ƙasa a durom-durom sun kai ƙasarsu, amma ba su gama ba. Har yau akwai filayen da aka zagaye da waya, ba a noma ba a gini. A 2015 John Kerry, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya sa hannu a takardar niyyar kwashe sauran, shiru kake ji. Ƙanenka dai ba zai taka cikin wayar nan ba, kuma latas ɗin yankin ana gwada shi, shi ake lodawa a tirela zuwa Jamus da Ingila.

Abin da ya fi damun mutanen garin ruwa ne. Kogin Almanzora da garin ya ci sunansa, mafi yawan shekara busasshen rairayi ne, har mota ake bi da ita ta cikinsa. Amma ran da ya tashi ba a cewa komai: ambaliyar Oktoban 1973 dattawa har yanzu ba su daina zancenta ba, ta 2012 kuma ta lalata injin tace ruwan teku da aka gina a bakin kogin. Ruwan noma daga nesa ake jawo shi ta bututu, wani daga madatsar Negratín a lardin Granada, wani daga kogin Tajo. In ka shiga gonar latas za ka ga siririn baƙin tiyo shimfiɗe a kan kowace kunya, yana ɗiga ɗis-ɗis a gindin shuka, ba a yarda ko cokali ɗaya ya tafi a banza. Shekarar da aka rage musu kason ruwa, mu 'yan ƙwadago muke fara ji a jikinmu, don kwanakin aiki ake ragewa.

Kafin latas, azurfa ce ta yi garin. A 1838 aka gano ta haɗe da dalma a kwarin Jaroso cikin duwatsun Sierra Almagrera, jama'a suka yi ta kwarara, masu hannun jari suka yi kuɗi dare ɗaya. Manyan gidajen benen da ke tsakiyar gari, masu baranda ta ƙarfe da dogayen ƙofofin katako, duk kuɗin azurfa ne. Farkon ƙarni na 20 mutanen garin sun haura dubu 20. Daga baya ruwa ya riƙa cika ramukan, kuɗin janye shi ya fi ribar, aka rufe. Mutane suka watse Oran ta Aljeriya, Ajantina, Barcelona, daga baya Faransa da Jamus. Shi ya sa wani lokaci in tsoho ya zauna da kai a inuwa sai ya ce maka su ma kakanninsu sun yi ci-rani. Ba duka ke da wannan tunanin ba fa, akwai masu kallon banza, amma akwai su.

Cuevas kuwa kogwanni ke nan, kuma ba suna kawai ba ne. A gefen gari akwai gangaren yumɓu da aka huhhuda aka yi ɗakuna, wasu har yanzu da mutane a ciki, an shafe gabansu da farar ƙasa. Na taɓa shiga ɗaya a watan Agusta, sanyi kamar cikin randa.

Ka gaya wa yaron abu biyu. Ya yi rajistar zama a ofishin ƙaramar hukuma, abin da suke kira padrón, don ita ce shaidar daɗewarsa a ƙasar. Kuma ya yi tanadi: latas daga kaka zuwa bazara ne, in zafi ya shigo sai kankana ta ɗan lokaci, kamfanoni kuma su koma tudun Granada.

Malam Sani Mai Tarihi:
Ikon Allah, ai wannan garin ya shafe mu! Nan aka haifi Judar Basha, wanda ya rusa daular Songhai. Yana yaro aka kama shi aka kai Maroko, ya tashi a fadar sarki. Sarki Ahmad al-Mansur ya tura shi da dakaru kusan dubu huɗu masu bindiga suka keta Sahara, suka gwabza da Askiya Ishaƙ na biyu a Tondibi kusa da Gao a 1591. Songhai sun koro garken shanu don su tattake baƙin, ƙarar bindiga ta juyo da shanun kansu. Littafin Tarikh al-Sudan ya siffanta Judar da gajere mai shuɗin ido. A sanadin wannan mamaya ce aka kama Shehu Ahmad Baba na Timbuktu aka kai shi Marrakesh a 1594. Ɗan Gwandu, ku da kuke maƙwabtaka da Dendi, can ragowar Askiyoyin suka koma suka ci gaba da turjiya.

Maman Walid:
Malam, mu bar Judar tukuna. Baban Ilham, ya maganar abinci da salla? Ni abin da zan tambayi ɗana ke nan.

Baban Ilham:
Hajiya, kin yi tambaya. Mutanen nan ba su raba girki da alade, ko migas ɗinsu da suke tuƙawa da gari da man zaitun ranar da aka yi ruwa, sai sun ɗora masa tsiran alade. Sai ya riƙa tambaya kafin ya ci. Amma 'yan Maroko suna da yawa a yankin, da 'yan Senegal da Mali, ana samun naman halal da wurin jam'i. Wahalar ita ce Juma'a a tsakiyar kakar latas, sai ka dace da shugaban aiki mai mutunci.

Ɗan Gwandu:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya, ta ce a tambaya ko wayar da aka zagaye filin da ita tana da tsawo, don yaron nan tun yana ƙarami ba ya ganin katanga ya ƙyale.