Kuɗin lasisi da kwangilar kula da sabar ajiyar fayil, wanne ne dole wanne ne ƙari?

Abu_Safwan ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawara don Allah. Ni ne nake kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofishin zane-zanen gini a Kano, mu 22 ne, kuma duk zanenmu da takardunmu a kan saba ɗaya suke wadda kowa yake buɗe folda daga kwamfutarsa. Sabar tsohuwa ce, Windows Server 2012 R2 take ɗauke da shi, wanda Microsoft ta daina yi masa gyaran tsaro na kyauta tun Oktoban 2023, to oga ya yarda a sake. Wani dila ya kawo mana lissafi, kuɗin injin daban, lasisin Windows Server daban, wani abu wai CAL guda 22 daban, sannan ga kwangilar kulawa ta shekara-shekara da ta kai kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin kayan gaba ɗaya, kuma duk da dala aka ƙiyasta aka mayar naira. Oga ya ce in yi masa bayanin wanne ne in ba a biya ba aiki zai tsaya, wanne ne kuma za a iya haƙura da shi. Masu sani ku taimaka.

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Abu Safwan. Dilan naku bai ƙara komai daga kansa ba a ɓangaren lasisi, haka tsarin yake. Tun daga Windows Server 2016 ƙwayoyin firosesa (core, wato sassan ƙwaƙwalwar injin masu yin aiki) ake ƙirgawa, kuma mafi ƙaranci da za a sayar maka shi ne na ƙwaya 16 ko da injinka 8 gare shi. Wannan lasisin na injin ne kawai. Shi kuma CAL izinin shiga ne, kamar ka sayi gida amma duk wanda zai riƙa shiga sai an yankar masa katin ƙofa. Iri biyu ne, na mutum da na na'ura. In kowa yana da kwamfutarsa har ma ya haɗa da laftof, na mutum ya fi muku sauƙi, in kuma mutum biyu ko uku ne suke karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya to ka ƙirga na'urorin, za ka ga sun kasa 22.

Abin da nake so ka riƙe ka kai wa oga shi ne, lasisin Windows Server da CAL ɗin saye ɗaya ne, ba haya ba. In kun sayi na 2022 gyaran tsaro zai ci gaba da zuwa kyauta har Oktoban 2031 ko kun yi kwangila da wani ko ba ku yi ba. Akwai abin da Microsoft take kira Software Assurance wanda shi ake sabuntawa, babban amfaninsa a wurinku bai wuce ba ku damar hawa sabon fitowa ba tare da sake saye ba, kuma ofishin da ya zauna a kan na 2012 har yau ban ga alamar yana gaggawar hawa sabo ba. Ka kuma tambayi dilan batun Essentials, wato nau'in Windows Server na ƙananan ofisoshi, shi ba ya buƙatar CAL, amma iyakarsa mutum 25 da na'ura 50, kuma tare da sabon inji ake sayar da shi. Ku 22 ne, in oga yana da niyyar ɗaukar ma'aikata nan gaba kusa to kun kusa bango.

ummu_khairat ta rubuta:

Yallabai Injiniya bayaninka daidai ne amma ni tambayata ita ce me ya sa ma sai Windows? In dai ajiye fayil ne kawai da raba folda, babu wata manhajar akawu da ta dogara da sabar, to akwatin NAS, wato na'urar ajiyar fayil da ake jona wa netwok ɗin ofis, ya ishe su. Na kamfanonin Synology ko QNAP manhajarsu tana zuwa cikin akwatin, babu kuɗin kowane mutum, ka buɗe wa ma'aikata 22 ko 40 asusu ba wanda zai ce ka ƙaro sisi. In kuma kana da hannu a Linux, TrueNAS, wato manhajar da ke mayar da inji ya zama NAS, kyauta ne, yana raba fayil ta hanyar da ake kira SMB ga masu Windows, ta NFS ga masu Linux, ko ma ka ɗora Ubuntu (wani nau'in Linux) da Samba (manhajar raba fayil ta SMB) kawai, fitowar Ubuntu mai dogon tallafi, wato LTS, shekara 5 take samun gyaran tsaro ba ko kwabo.

Kuma wallahi batun dalar nan shi ya fi damuna da duk wani abu da ake biya shekara-shekara. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, duk wanda ya sa hannu a kwangilar da ake sabuntawa da dala ya ga kuɗin ya ninka sau uku alhali ba a ƙara masa komai ba. Ga kuma abin da ya faru da masu amfani da manhajar saba ta VMware bayan kamfanin Broadcom ya saye shi a ƙarshen 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin aka koma haya zalla. Kar dai ka yi dabarar raba folda daga Windows 10 ko 11 na tebur don gudun kuɗi, haɗi 20 kawai yake ɗauka a lokaci guda.

Baba_Tsoho_IT ya rubuta:

Hajiya na yarda da ke rabi. Kyauta ɗin gaskiya ne amma ranar da faifai biyu suka mutu a tare ana gobe miƙa zane, wa za a kira? In Abu Safwan ne kaɗai ya san yadda aka haɗa TrueNAS ɗin, ran da ya samu wani aikin ya tafi an bar ofis da akwatin da ba wanda ya iya. Don haka ni ban ce kar a biya kuɗin kulawa ba, cewa nake a san abin da ake saya.

Ɗana, ka koma wurin dilan ka ce ya rubuta maka a takarda, kwangilar nan ta wa ce, ta kamfanin da ya ƙera injin ce ko tasa ce shi dilan? In an rubuta za a kawo kayan gyara washegari ko cikin awa 4, ka tambaye shi ina kayan suke ajiye, Kano ko Legas ko sai an yo oda daga Dubai, domin alƙawarin awa 4 ba shi da amfani in faifan yana bakin kwastan. Ka tambaya ko zuwan injiniya har ofis yana ciki ko ta waya ce kawai. Sannan ka tambayi abin da zai faru in kun tsallake shekara ɗaya ba ku biya ba, don manyan kamfanonin na'urorin ajiyar fayil da yawa sai kana da kwangila mai rai za ka iya sauke sabuntawa, kuma in ka dawo daga baya wasu sai sun caje ka na lokacin da ka tsallake. Red Hat, wato Linux ɗin da ake biya wa rajista, ma haka ne ta wani ɓangaren, in rajistarka ta ƙare injin zai ci gaba da aiki amma sabuntawa ta tsaya, shi ya sa da CentOS 7, kwafinsa na kyauta, ya kai ƙarshe a Yunin 2024 mutane da yawa suka koma Rocky Linux da AlmaLinux, su ma kwafinsa na kyauta, maimakon su biya Red Hat.

Barin saba ba gyaran tsaro kuwa ba abin wasa ba ne, harin manhajar neman kuɗin fansa na WannaCry na Mayun 2017 ta tsohuwar ƙofar SMB ta farko ya bi, wato ainihin hanyar raba fayil ɗin nan da muke magana. Da ni ne da ofis mai mutum 22, kuɗin kwangilar nan zan raba shi, in sayi faifai ɗaya na ko-ta-kwana iri ɗaya da na ciki in ajiye a durowa, in sayi UPS mai kyau saboda wutar NEPA, in tanadi kwafi na biyu a wajen ofis, ragowar in biya wani ƙwararre na cikin gari ya riƙa leƙowa duk wata.

Abu_Safwan ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba na duba takardar yanzu, kwangilar ta dilan ce ba ta masu ƙera injin ba, kuma ba a ambaci inda kayan gyara suke ba, gobe zan kira shi a kan wannan. Hajiya akwai manhajar biyan albashi guda ɗaya a kan tsohuwar sabar, sai na tabbatar ko za ta iya komawa kan kwamfutar akawu kafin mu yanke shawarar NAS. Injiniya, in muka ɗauki Essentials sannan muka wuce mutum 25, ana iya ɗaga shi zuwa Standard, wato nau'in da ke buƙatar CAL, a kan injin ɗaya ko sai an sake ɗora komai daga farko?