Wa ke ba wa hanya idan jirage suka haɗu a ruwan Yauri?

Ɗan Zamare: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta sayi kwale-kwale mai inji don jigilar mutane da kaya tsakanin Yelwa da kasuwannin bakin ruwa har Warrah. Yaron da zai riƙe inji ya iya tuƙi, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa doka. Idan jirage biyu suka fuskanci juna, wa ke kaucewa? Fitilun nan ja da kore kuma mene ne aikinsu? Masana a taimaka.

Baba Matuƙi: Wa alaikumus salam. Idan kun yi gaba da gaba, dukanku ne za ku kauce, kowa ya karkata damarsa, ku wuce juna hagu da hagu, kamar dai yadda motoci ke yi a titinmu. Idan hanyoyinku za su gitta ne, wanda ya ga ɗan'uwansa ta hannun damarsa shi zai rage wuta ya bi ta bayansa. Kada ya ce zai tsallaka ta gabansa. Mai son wuce wani daga baya, nauyin kaucewa na kansa har sai ya wuce sarai.

Mai inji shi ke ba mai filafili hanya, da masuncin da ke jan taru, don su ba su da halin kaucewa da sauri. Kuma ya rage gudu kusa da su. Igiyar ruwan da inji ke tayarwa ta isa ta cika ƙaramin kwale-kwale da ruwa ko ba a taɓa shi ba.

A inda kogi ya matse, mai gangarowa ake bari ya fara wucewa. Ruwa ke tura shi, ko ya kashe inji tafiya zai ci gaba da yi, alhali mai hawa na rage wuta zai tsaya wuri guda. Abin da ya fi haɗa karo shi ne kaucewa kaɗan-kaɗan a makare. Ka gaya wa yaronka ya juya tun daga nesa, juyi babba wanda na gabansa zai gani ya gane nufinsa.

Injiniya Bala: Sannu Baba. Bari in ɗora da maganar fitila da busa. Ja a gefen hagu take, kore a dama, fara a baya, da wata farar a sama mai haska gaba. Kana ganin ja da kore tare, to kanka jirgin ya nufo, ka karkata dama. Ja kaɗai ka gani ta damarka, kai ne mai ba da hanya. Fara kaɗai tana iya zama bayan jirgi, ko jirgin da ke tsaye, ko ƙaramin kwale-kwale, don haka a matso a hankali. Mai filafili ko tocila ce ya riƙe, ya haska da wuri, amma ba a idon matuƙin da ke tahowa ba.

Busa kuwa, da hon ko usur: gajera ɗaya, kamar daƙiƙa guda, na nufin zan juya dama. Biyu, zan juya hagu. Uku, na sa inji baya. Biyar ko fiye a jere da sauri, ban gane nufinka ba, akwai haɗari. Doguwa ɗaya, daƙiƙa 4 zuwa 6, ana yin ta kafin kwana ko bayan gungu, wato tsibiri, inda ba a hango gaba, kuma wanda ya ji daga ɗaya ɓangaren ya amsa da irinta. Lokacin hazo a maimaita doguwar kafin minti 2 ya cika, a riƙa sassauta inji ana saurare.

Neman agaji: a miƙe hannuwa biyu gefe da gefe, a riƙa ɗagawa ana saukewa a hankali, ko a busa usur ba tsayawa. Ɗaga hannu ɗaya sai a ɗauka gaisuwa ce.

Hajiya Mai Kifi: Injiniya, duk na ji, amma jirage nawa ne a kwata ke da ja da kore? Ni dai shawarata kada ma a kai ga buƙatar fitila. NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, ta hana zirga-zirga daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Ranar kasuwa ake karya wannan, saboda kowa na son sai ya ƙarasa ciniki. Ku sa lokacin tashi, wanda bai zo ba ya kwana. Kuma rigar ruwa kowa ya sa ta a jiki ya ɗaure igiyoyinta tun a tudu, ba a jibge su ƙarƙashin buhuna ba. Yara a nemo musu daidai su, babba zame wa yaro take yi ta kai.

Baba Matuƙi: Gaskiyarki Hajiya. Akwai kuma abin da ba ya cikin littafi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa, kututturan na nan ƙarƙashi har yau. Idan tafki ya ja baya wajen bazara zuwa farkon damina, sukan zo dab da saman ruwa, jirgin katako mai gudu ya hau ɗaya sai ya tsage. Don haka hanyar da aka bi lafiya a watan Janairu ba lallai a iya bin ta a Yuni ba. Yaronka ya fara bin tsohon matuƙi ya koyi hanya, kuma a ajiye mutum a goshin jirgi yana duba kututture, kainuwa da dorina. Kainuwa na naɗe farfela ta toshe inda inji ke shan ruwa. Da ya ga ruwan da inji ke tsartarwa ta baya ya tsaya, ya kashe ya share, in ba haka ba inji zai yi zafi ya ƙone.

Sai lodi. Jirgin da ya nutse kusa da Warrah a watan Mayun 2021 mutum sama da 150 ne a cikinsa, kuma hukumomi sun ce an yi masa lodi fiye da ƙima. Ku ja layi da fenti a jikin naku daga waje. Ruwa na taɓa layin, lodi ya ƙare, ko wa ya zo. Kaya masu nauyi, babura da buhunan hatsi, a ƙasa a tsakiya, a ɗaure su, don buhu ɗaya ya gangara gefe a kwana sai sauran su bi shi.

Ɗan Zamare: Allah ya saka da alheri. Baba, ta ina ake auna layin fentin, kuma wa ya kamata ya auna mana?

Baba Matuƙi: Daga bakin jirgi zuwa ƙasa, a tsakiya inda ya fi kusa da ruwa. Ku kira wanda ya ƙera shi ya auna, sannan ku nuna wa jami'an NIWA lokacin rajista.